Tabarya a Gidan Maman John

Ni fa ban iya lallashi ba, kowa a layinmu na Kolere ya sani. Ni ce Gumsu mai turaren wuta. Katanga ɗaya ta raba gidana da na Alice, wadda muke kira Maman John, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan muna miƙa wa juna gishiri ta samanta.

Da damina keke napep ya kife da ita a hanyar Kwaja tana dawowa daga gona, ƙashin cinyarta ya karye. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Ina tsaye likita ya ce, "Lallai ta fara taka ƙafar nan cikin wata guda. In ba haka ba gwiwar za ta ƙage, kuma ta zauna ke nan." Ya ba ta sandunan ƙarfen nan biyu da ake sawa a hammata.

Muna isa gida ta tura su ƙarƙashin gado. Ta ce, "Ni da nake ɗora buhun masara a kai? In rataya jikin ƙarfe, mutane suna kallona suna girgiza kai? Allah ya kiyaye!"

Shi kuwa mijinta Dawuda, Allah sarki, tausayi ya kusa sa shi ya nakasa ta. Za ta bayan gida ya ɗauke ta cak, za ta inuwa ya ɗauke ta cak. Mako biyu ƙafar nan ba ta san ƙasa ba. Na yi magana, na yi faɗa, har gaisuwa na daina yi masa. Wallahi tsoro nake ji, don kullum na taɓa gwiwar sai in ji ta ƙara tauri.

Wata safiya ina daka kayan turare na gaji, sai na kafa tabarya cikin turmi na jingina ƙirjina a kanta ina haki. Wata mata ta leƙo ta ce sannu da aiki, ta wuce abinta. Ko kallon tausayi ba ta yi mini ba. To wa ya taɓa tausaya wa mace don ta jingina da tabarya? Ko mayafi ban tsaya gyarawa ba, na gangara turmin nan har tsakar gidan Alice.

Na ce, "Maman John, tashi ki kama mini daka, bayana ya riƙe."

Ta ce, "Ya Gumsu, kin haukace ne?"

"Tun yaushe! Kama."

Ta harare ni, ta harari tabaryar. Can ta sa hannu biyu ta kama, ta ja jikinta sama tana cije leɓe. Ta tsaya, nauyinta duk a kan icen, ƙafar tana rawa. Ko bugu ɗaya ba ta yi ba, zufa sharkaf, amma ta tsaya har na ƙirga talatin.

Daga nan kullum Dawuda ya fita sai in zo, kullum kuma sai in ja turmin baya kaɗan. Ta gane wayon sarai. Tana zagina da yarensu na Gude, ina rama mata da Barbarci, tana dogara tabarya tana ɗingisawa har ta iso.

Rana ta tara na kai turmin gindin mangwaro, taku goma sha biyu daga ƙofar ɗakinta. Ta yi bakwai, gindin tabaryar ya zame a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta faɗi tim. Daidai lokacin Dawuda ya shigo, ashe fartanya ya manta. Ya yi ihu ya rugo, ni kuma na sha gabansa na ware hannuwa.

"Matsa, Gumsu! Kashe ta za ki yi?"

Kafin in buɗe baki Alice ta ce daga ƙasa, "Baban John, in ka ɗauke ni yau, ka gama da ƙafar nan. Tsaya nan."

Ya tsaya, hawaye na bin gemunsa. Ni ma ban motsa ba. Ta jawo tabaryar, ta kafa ta, ta ɗora hannu bisa hannu tana hawa kamar mai jan guga. Sau biyu tana komawa. A na uku ta miƙe, zaninta duk laka.

Ba turmin ta nufa ba, wajensa ta yi. Taku ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta yar da tabaryar, ta dafa kafaɗarsa. Ya sunkuya zai sure ta kamar kullum, ta buge masa hannu.

Ta ce, "Kafaɗar kawai nake so. Tafiyar tawa ce."

Haka suka nufi gindin mangwaron, shi yana kuka kamar yaro, ita tana yi masa faɗa wai yana sauri.