Ƙwaron da Ya Ci Zarton Clifford

Clifford Ackroyd maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ba ta tsaya a baki ba, har cikin katako ya zuba ta. Na faɗa a gabansa, ga shi ina maimaitawa.

Ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kayan aikin hannu ce, zarto da guduma da gizago da danginsu. Muna haɗuwa a ɗakin taron da ke bayan coci, nan gefen garin Halifax a Ingila. Ƙa'idarmu ba ta da wuya: abin da ka samo, ka cire masa tsatsa a hankali, ka shafa masa mai, ka bar shi da tsufansa. Ba a ƙara masa shekaru, ba a rage masa.

Da Norman Illingworth, wanda ya kafa ƙungiyar, ya rasu, ya bar akwatin kayan aikin kakansa kafinta, cike maƙil, ko ƙusa ba ta ɓata ba. Matarsa Edna ta ce ba na sayarwa ba ne. Kowa ya kawo abu ɗaya ranar taronmu na lokacin kaka, ita za ta duba, wanda ya fi iya riƙon kaya shi zai tafi da akwatin. Clifford ya ƙwallafa rai. Har wuri ya share masa a falo, ya tura kujerar matarsa bakin ƙofa.

Yana da wani tsohon zarto ƙirar garin Sheffield, ƙarfen lafiya lau, sai dai ba mariƙi. Ya sassaƙa sabo, ya jiƙa shi da baƙin shayi, ya murza masa man takalmi, ya yi ta dukansa da makullai har ya yi tabo. Duk wannan daga baya muka ji daga bakinsa. Da ya ce gyara ya yi, ba mai zarginsa, gyara ba laifi ba ne. Amma kwaɗayi ya sa ya ɗauko siririn abin huda, ya yi wa mariƙin ƙananan ramuka irin na ƙwaron katako, don a ce ya ga zamani.

Ranar taro ya shimfiɗa zarton a kan farin ƙyallen tebur, ya ce a rumbun wani manomi ya tsince shi, haka yake tun daga hannun maƙerinsa. Wilf Haigh, wani dattijo da bai taɓa barin tsokana ta wuce shi ba, ya ɗauka, ya shinshina, ya zura fil a rami ɗaya. Fil ya shige sambal. Ƙwaro ba ya tafiya miƙe, kowa a cikinmu ya sani; wannan hudar mutum ce. Wilf ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya ƙwanƙwasa mariƙin a tebur. Wani farin gari, ragowar hudar, ya zubo.

"Clifford, ɗan'uwa," in ji shi a hankali, "baƙin naka ba su tashi ba. Suna ciki."

Ramin da ya yi baƙi, ƙwaron ya daɗe da tafiya. Ramin da ke zubar da farin gari kuwa, mai gidan yana ciki yana ci. Nan da nan kowa ya rungumi kayansa ya ja baya. Wasu sun gane wasan, wasu da gaske suka tsorata. Ni ban yi ƙarya ba. Na dai ci gaba da cin kek ɗina na citta.

Clifford ya ce ƙurar rumbun ce. Wilf ya sake ƙwanƙwasawa, gari ya sake zubowa. Clifford ya ce to ko akwai ƙwaro ai ya mutu tuni. Wilf ya kai mariƙin kunnensa, ya rufe ido.

"Ina jin yana tauna."

Edna ta ajiye kofin shayinta, ta ce akwatin Norman ba zai shiga gidan da ke da ƙwaro ba, ko da na sarauniya ne. Wilf ya ɓata fuska kamar mai ta'aziyya, ya shiga lissafo abin da za a yi. Duk wani katako da ke gidan Clifford a ƙulle shi a leda a jefa firiza. Wanda ya fi ƙarfin firiza a ƙone. Daɓen falo ma sai an ɓamɓare an leƙa. Ya ce motarsa tana waje, zai taimaka yanzun nan, kuma gara a fara da fiyano, abin kiɗan matar Clifford, tun ba ta dawo daga kasuwa ba.

Clifford ya yi ja har kunnuwa. Ya dubi ƙofa, ya dubi akwatin da ke kusurwa. A tunaninsa in gidansa ya fita daga zargi, akwatin bai kuɓuce ba tukuna.

"Babu wani ƙwaro," ya ce. "Ni na huda."

"Da bakinka?" in ji Wilf.

Clifford ya faɗi komai, har shayin. Edna ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba.

"Ƙwaro dai yunwa ke sa shi, Mista Ackroyd," ta ce. "Kai kuwa ka karya kumallo kafin ka fara."

Wilf ya fara gyara kwalar rigarsa, yana ganin akwatin ya zama nasa. Edna ta ce masa ya zauna, mutumin da ke jin taunar ƙwaron da babu shi ma ba abin ba wa amana ba ne. Ta ba da akwatin ga Doreen Sutcliffe, wadda ta kawo wata guduma mai tsagaggiyar ƙota, ta kuma nuna tsagar da yatsanta tun ba a tambaye ta ba. Hukuncin ya yi daidai, kuma na faɗi haka.

Clifford ya rasa akwatin. An hana shi baje kaya a taronmu, an hana shi taɓa katakon kowa. Aikinsa yanzu wanke kofuna, kuma Ƙwaro ake kiransa.