Darasin Farko na Baba Jibrin

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya. Maƙwabcinmu ne ya rasu, na ga in ban faɗa ba, babu mai faɗa.

"Ba nan ba, ɗiyata. Sauka ƙasa. Kai! Cire hannunki daga maus ɗin nan!"

Zahra'u ta janye hannu daga linzamin kwamfutar kamar ta taɓa garwashi. Baba Jibrin yana kwance a kan katifa a zaurensa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun bayan babbar salla, bakinsa ya ɗan karkace, amma idonsa bai bar fuskar kwamfutar da ke kan cinyarta ba. Shi ke faɗa, ita ke bugawa. Darussan koyon rubuta manhaja yake so ya bari a rubuce kafin ta Allah ta kasance.

Ya yi shekaru yana aikin kwamfuta a Kaduna kafin ya dawo Gwandu da tsoffin injinan kwamfuta a bayan mota, ya jera su a zaure, ya ce duk yaron da ke so ya zo, kyauta ne. A lokacin zauren nan ba ya shan iska. Warin albasa daga rumbun maƙwabta, ƙarar janareto, yara uku a kan kujera ɗaya suna ture juna. Inna Zulai, matarsa, har gyaɗa take soya musu.

Sai dai Baba yana da sharaɗi guda. Kowa da Vim zai fara. Wata manhajar rubutu ce, fuskarta baƙa wuluk, ba hoto ba abin dannawa, kowane harafi umarni ne. Ka shiga da murna, ka rasa ta inda ake fita. Wanda ya iya ta, yatsunsa gudu suke kamar na makaɗi. Wanda bai iya ba, sai ya ji shi ne daƙiƙin garin. Ɗaya bayan ɗaya yaran suka zame, har ya rage Zahra'u kaɗai, wadda katanga ce ta raba gidansu da nasa.

Abin da ke cin ransa shi ne zauren. Ya so Zayyanu, ɗan yayansa da ya rena, wanda yanzu ke koyar da kwamfuta a Kalgo kusa da jami'a, ya dawo ya riƙe shi. Zayyanu ya ce sai in an daina fara wa yara da Vim. Suka yi sa-in-sa, ya hau babur ya tafi, bai sake takowa ba.

Inna Zulai ta shigo da kunu. "Malam, ka bar ɗiyar mutane ta sha iska mana. Likita cewa ya yi ka huta, ba ka buɗe makaranta a kwance ba."

"In na huta, hutun zai yi tsawo," in ji shi.

Ba ta kai ga ba shi amsa ba suka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Zayyanu ya yi sallama, ya durƙusa gefen katifa. Zahra'u ta ja mayafi, ta so ƙasa ta tsage.

"Ashe ka tuna hanyar Gwandu," in ji Baba.

"Baffa, ya jiki?"

"Rabi ya tafi. Rabin da ya rage shina jiran ka."

Zayyanu ya sunkuyar da kai. Can ya leƙa fuskar kwamfutar, ya karanta kan darasi na ɗaya, ya ga Vim ce, ya yi ajiyar zuciya.

"Har yanzu dai, Baffa."

"Har gobe. Wanda ya koyi noma da garma mai nauyi, fartanya ba ta ba shi tsoro."

"Baffa, yaro ya zo da ɗoki, so yake ya ga kwamfuta ta amsa masa. Kai kuma ka bar shi yana laluben ƙofa. Hassan ɗan mai albasa kuka ya yi a nan, ina tsaye."

"Hassan raggo ne."

"Raggon da ke gyara wayoyin rabin kasuwa yanzu?"

"To kai fa? Ba da ita na fara ka ba?"

"Da ita. Kuma har yau da ita nake aiki, ba na musu. Amma ni ina zan gudu? A gidanka nake kwana, tuwonka nake ci."

Inna Zulai ta tuntsire da dariya har kunun ya zuba a tabarma. Baba ya harare ta da ido ɗaya. Daga nan ya juyo da kai a hankali wajen Zahra'u.

"Ɗiyata, ke ba ki iya ƙarya ba. Mi ya hana ki gudu?"

Ta dubi yatsunta.

"Kunya, Baba."

"Kunya?"

"In na daina zuwa, ta ƙofarku zan riƙa wucewa."

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Ta ji kamar ta mari tsohon, sai ta yi sauri ta ƙara: "Amma yanzu ina son ta, wallahi. In na taɓa wata, sai in ji kamar an ɗaure mini hannu."

"Yaushe kika fara jin haka?"

"Sai da damina ta wuce."

Ya daɗe yana kallon rufin zauren. A waje wani mai amalanke yana yi wa jakinsa faɗa.

"Damina guda," ya ce. "Kuma ba kowa Allah ya ba kunyarki ba." Ya lumshe ido. "Ɗauke darasi na ɗaya."

"In goge, Baba?"

"Wa ya ce ki goge? Ɗiyar nan za ta kashe ni kwanana bai ƙare ba. Mai da shi ƙarshe. Su fara da mai sauƙin da Zayyanu ke so. Wanda ya kai can, shi zai neme ta da kansa."

Yatsunta suka motsa, ƙas ƙas ƙas. Kafin Zayyanu ya gyara zama, darasin ya tashi daga sama ya koma ƙasa gaba ɗayansa.

Rabin bakin Baba ya yi murmushi. "Ka gani ko? Da maus ɗinka ne, da kana nan kana ja har la'asar."

"Na gani, Baffa." Zayyanu ya kama hannun da ya shanye, ya riƙe da hannu biyu. "Asabar da Lahadi zan riƙa zuwa."

"Ka zo da gyaɗa. Zulai ta tsufa."

"Kai ne yaro," in ji Inna, tana goge ido da gefen zane.

Bai ga Asabar ɗin ba. Ranar Alhamis da hantsi Zahra'u tana wanke-wanke ta ji salatin Inna Zulai ta kan katanga, kwanon da ke hannunta ya nutse cikin ruwan kumfa.

Bayan an dawo daga maƙabarta, mahaifiyarta ta aike ta da ƙwaryar fura. Maza sun cika tabarmi a ƙofar gida ana ta gaisuwa. Ta bi gefen bango, kanta a ƙasa, ta tsaya a bakin zaure. An naɗe katifar an jingine ta a lungu. Zayyanu shi kaɗai ne a ciki, jar ƙasa a gwiwoyin wandonsa. Yana bin tsoffin injinan ɗaya bayan ɗaya, yana yaye zannuwan da aka lulluɓe su da su, yana ninkewa. Da ya kai na ƙarshe sai ya zauna a gabansa, bai kunna ba, ya ɗora yatsunsa a kan haruffan.

Ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, ta rufe ta da faifai, ta sulale gida kafin wani ya ɗago kai.