Hayaƙin Zaiba

"Buɗe baki sosai," in ji Audi, malamin asibiti mai yi wa likita tafinta.

Yisa, kukun Bature Di'o, ya buɗe. Kwana tara haƙori ya hana shi sakat, har miyar Di'o ta fara ƙonewa. Ba don miyar ba, wa zai ɗora kuku a kujerar likitan da ya zo Kontagora rangadi domin Turawa?

Likita ya gama ƙwaƙule ramin haƙorin, ya ɗiga wani ruwa mai ƙyalli a ɗan turmi, ya dama da garin azurfa, ya matse a ƙyalle.

"A'a, zaiba ce!" in ji Yisa. "Haka yayana Ndatsu yake matse ta a ramin zinariyar Bature. Sai ya ƙona a cokali, zaiba ta tashi, zinariya ta zauna."

Audi ya fassara. Likita ya ɗago kai, ya yi magana.

"Wai hannun yayanka yana rawa? Yana dalalar da miyau? Haƙoransa sun zube?"

Yisa ya dubi Audi. "Malam, a ina ya san shi?"

"Bai san shi ba. Ya ce kwantar da hankalinka, wadda za a cusa maka azurfa ta ɗaure ta. Hayaƙinta ne guba. Wai a ƙasarsu ko maƙerin ƙauye ya san haka."

Ko maƙerin ƙauye! Shekara huɗu Ndatsu yana sunkuye a kan cokalin nan, Baturen ramin yana tsaye can nesa da hankici a hanci. Su leburorin ramin a zatonsu warin gumi yake ƙyama.

Da ciwon ya kwantar da Ndatsu, dangi suka ce sammu ne, suka ɗora wa matarsa Ramotu. Yisa da hannunsa ya watso mata kaya waje, tana kuka tana rantsuwa. Ta koma garinsu Sahon Rami, ko danginta ba sa cin tuwonta. Da daminar bara ta rasu.

Aka cike haƙorin tsaf, ciwo ya tafi. Yisa ya fito, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Ya tarar da Ndatsu a zaure, kunu yana zuba daga ludayi kafin ya kai baki.

"Allah ya isa tsakanina da Ramotu," in ji Ndatsu, kamar kullum. Ya dubi ƙanensa yana jiran amin.

Yisa ya karɓi ludayin, ya nuna kumatunsa.

"Yaya, likita ya ce kada in yi magana da yawa."