Kifayen da Malam Ribas Ya Koya wa Fakin

Malam Ribas yana da aibi ɗaya da shi kansa bai taɓa musantawa ba: ba ya karanta takarda har ƙarshe. Shafin farko ya ishe shi, sauran kuma, a cewarsa, hankali ne ke cikasawa. Da haka ya taɓa haɗa kabad ta fito da ƙofarta tana kallon bango. Shekara ashirin da biyu yana koyar da tuƙi, sunan ma ya samo shi ne daga ihun da yake yi wa ɗalibai idan sun zo yin fakin.

Da furfura ta kama shi sai ya faɗa kiwon kifin teku. Ya sayo tankin gilashi mai tsawon kamu huɗu, ya girke shi a kusurwar falo kusa da taga, domin nan ne kawai ake da soket uku, na fitila da na injin juya ruwa da na ɗumama shi. Kafin zuwan tankin, keken ɗinkin matarsa ne a wurin. Keke ya koma lungun da ke tsakanin ɗakin girki da banɗaki, inda sai ta kunna fitilar waya take ganin kafar allura.

A gaskiya mutumin ya yi ƙoƙari. Ya dama gishirin teku a bokiti, kullum da safe ya auna kaurinsa kafin ya sha shayi, ya jera duwatsu, ya jira makonni har ruwan ya zauna. Sannan ya sayo kifaye biyu 'yan mitsi-mitsi, ruwan lemo da farar ɗamara uku-uku, irin waɗanda mai shagon kifin ke kira ɗan kama. Daga baya ya ƙaro abin da ya fi ɗaukar masa hankali, anemoni. A ido fure ne mai yatsu da yawa suna kaɗawa, amma mai shagon ya ce dabba ce, tana harbin duk kifin da ya raɓe ta, ban da ɗan kama, wanda ke kwanciya a cikinta kamar katifa. Mai shagon ya haɗa masa da takardar bayani mai shafi huɗu. Malam Ribas ya karanta na farko, wanda ke da hoto.

Ya dasa anemonin a kan dogon dutsen da ke tsakiyar tanki. Kifayen ko kallo ba su yi mata ba. Suka tare a can gefen hagu, jikin bututun inji, nan suke yini, nan suke kwana. Mako shida ke nan.

"Malam," in ji matarsa wata safiya, tana tsaye da almakashi a hannu, "na ga gidan hayar naka har yau ba wanda ya tare."

"Sababbin ɗalibai ne, Maman yara. Kowa da tsoro yake farawa."

"Ni dai idona na ƙarewa a lungu saboda kifi biyu da ba su san gidansu ba."

Yayarsa, wadda ta kawo ɗinki a ranar, ita ta raba gardamar. Aka ba shi zuwa ƙarshen wata, kwana goma sha biyu. Idan kifayen sun shiga anemoni, tanki ya zauna. Idan ba su shiga ba, a mayar wa mai shago kayansa, keke ya dawo gaban taga.

"Yaya, ki zama shaida," ya ce, yana gyara zaman tabarau. "Na koya wa mutumin da bai san hagu da dama ba shiga tsakanin tirela biyu da baya. Kifi ne zai gagare ni?"

"Wancan ai yana jin magana, ƙanena."

"Ba ki san shi ba ne."

Ya soma darasi a ranar. Ya samo dogon tsinke yana ajiye abinci daf da anemoni. Kifayen suka riƙa zuwa da gudu su wafce, su koma bututunsu su ci. Ya yanke hoton shafin farko ya manna a jikin gilashi, don ya san ɗalibi na son ganin misali. Ya ja kujera, ya ɗauki tsohuwar sandar da yake nuna alamun hanya da ita.

"Dama, dama. A hankali. Kai babba, saki sitiyari mana! To, ribas. Ribas na ce!"

Daga lungu sai ƙarar keke ta tsaya.

"Malam, sun ci jarabawar ne, ko a sake musu rana?"

Rana ta uku ya gwada kora su da ragar kamu. Suka ɓuya bayan inji, suka ƙi cin abinci har washegari. Ya bar wannan dabarar, don ya san ɗalibin da aka tsorata bango yake hawa. Ya je wurin mai shago neman ƙarin haske.

"Ranka ya daɗe, waɗannan a tanki aka ƙyanƙyashe su," in ji mai shagon. "Ba su taɓa ganin anemoni ba. Wasu su shiga, wasu har abada. Ka dai karanta takardar nan duka?"

"Na karanta inda ya kamata."

Ya dawo gida ya ari tef ɗin awon matarsa, ya auna daga inda kifayen suke zuwa bakin yatsun anemoni. Inci goma sha takwas. Bayan kwana biyu ya sake aunawa. Goma sha biyar. Ya cire tabarau ya goge, ya sake ɗora tef. Goma sha biyar ɗin dai.

"Maman yara! Zo ki ga aikin malanta!"

Ta zo ta duƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta kalli mijinta. Ta zaro allin tela daga aljihu ta yi ɗan zane a ƙasan gilashin.

"Mene ne kuma wannan?"

"Ni ma awo nake."

Ya yi dariya a ransa. Baiwar Allah, har yanzu tana lissafin inda ƙafar kekenta za ta zauna. Ya bar ta. Kullum da safe ita ta yi zanenta, shi ya ɗora tef ɗinsa daga kifi zuwa fure, ba ya duban komai sai tazarar. Goma sha ɗaya. Takwas. Biyar. A wurin aiki har ya fara ba ɗalibai misali da kifayen, yana cewa duk wanda ya kasa fakin bayan mako biyu ya ji kunya, akwai masu yi ba hannu ba ƙafa.

Ranar ƙarshen wata ya dawo da la'asar ya tarar da Yaya da matarsa tsaye gaban tanki. Kifayen nan biyu suna cikin anemoni tsundum, suna birgima a tsakanin yatsunta, babban ya leƙo kai ya koma, ƙaramin yana goga ciki kamar wanda ya samu sabon bargo. Malam Ribas bai yi ihu ba. Ya ajiye makullin mota a hankali, ya harɗe hannuwa a baya.

"Yaya, a yanke hukunci."

"Suna ciki," in ji Yaya. "Wannan kam ba gardama."

"Maman yara?"

"An ce su shiga, sun shiga. Ka ci kusurwarka, Malam. Amma gobe a sa mini fitila a lungu, irin ta kifayen nan, mai haske sosai."

"Biyu ma za a sa miki."

Ya zauna ya yi musu bayani mai tsawo a kan haƙuri da sanin halin ɗalibi, da yadda ba a taɓa haihuwar wanda ba zai koyu ba sai dai a rasa malami. Yaya tana gyaɗa kai. Matarsa ta ɗauko takardar mai shago daga ƙarƙashin tanki, ta buɗe shafi na uku, ta ajiye masa kusa da kofin shayi, ta koma kan kekenta. Ya ɗora kofin a kai don kada ya ɓata tebur.

A shafin an rubuta cewa anemoni tana da ƙafa guda a ƙarƙashinta, kuma idan wuri bai yi mata ba takan ja jiki sannu a hankali ta nemi inda ruwa ya fi motsi. A ƙasan gilashin kuwa akwai zanen alli takwas a jere, daga tsakiyar dutse har zuwa gefen hagu. Kifayen suna jikin bututun inji, inda suke tun ranar da aka kawo su.