Filtocin Rozenn

Ranar wata Talata cikin watan Yuli 'yata Aziliz ta sauka daga jirgin ruwana a tsibirin Ouessant, kuma ba ta sake taka jirgin ba.

A lokacin jirgin ba nawa ba ne ni kaɗai. Da uwarta Rozenn ta rasu, rabonta ya faɗa hannun 'yarmu, sai na wayi gari ina kwana a gidan da rabinsa na wadda take son a sayar ne. Hujjarta ba ta banza ba ce. Na haura saba'in, gwiwa ɗaya ta ƙi, ina zaune ni kaɗai a kan ruwa kamar kwalbar da aka jefar. Ta samo mini ɗaki a Brest, hawa na biyu, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Na ce mata in dai kabari ne, na fi son wanda ba shi da matakala. A ƙarshe muka yi sulhu. Za ta biyo ni zuwa tsibiran Scilly, ita da mijinta, ta gani da idonta. In na iya da jirgin, ta bar maganar. In na kasa, in sa hannu a sayar.

Mijin nata Fabrice ne, mai sayar wa otal-otal injinan wanke kwanuka. Ya hau jirgi da fararen takalma, da jaka guda ta kayan tsafta: soso, safar roba, kwalbar bilic, sinadarin nan mai farar da kaya, don banɗaki. Ba mugu ba ne. Da mugu ne, da na san yadda zan yi da shi.

Ruwan shanmu daga teku yake fitowa. Akwai inji a ƙarƙashin gadon baya, famfonsa yana tura ruwan gishiri da ƙarfi ta cikin wani tantani, gishiri ya tsaya, ruwan daɗi ya wuce tanki. Kafin ruwa ya kai tantanin sai ya bi ta filta, wata aba mai ninki-ninki da ba ta wuce taƙi ɗaya da ɗan ɗori ba. Duk ƙazantar teku a nan take maƙalewa. Na ƙare ƙuruciyata ina gyara kurakuran littattafai a maɗaba'a, na karanta labaran teku fiye da yadda ya dace da mai hankali. Kowa sai ya yi maganar guguwa da taurari. Ban taɓa cin karo da marubucin da ya faɗi yadda filta take wari ba idan ta kwana biyu ruwa bai motsa a cikinta ba. Ƙananan halittun da ta kama su mutu, su ruɓe. Ka kwance murfi, warin baragurbi ya daki fuskarka, ka zaro ta tana ɗigar da wani yauƙi kore-kore kamar majinar mai tsohuwar mura.

Rozenn ba ta jefar da filta. Uku take juyawa. Ɗaya a cikin inji, ɗaya a ragar lemo an ɗaure da igiya tana bin jirgi a baya teku yana wanke ta, ɗaya a rataye a ƙarfen gefe tana jiran rana, wadda a ƙasarmu sai an yi mata haƙuri. Kafin ta jefa mai dattin a raga, takan zauna a baya da bokitin ruwan teku ta buɗe ninkin ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Ba buroshi, ba sabulu. Bilic kuwa ko kusa, domin ɗan kaɗan in ya kai ga tantanin sai ya cinye shi, gishiri ya samu hanya. Ni ban taɓa son aikin ba. Na gaje shi ne kamar yadda ake gadon ciwon baya.

Mun kwana a Ouessant ranar Litinin. Da safe, kafin mu ɗaga anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, na rarrafa na kwance murfin. Warin ya cika ɗaki. Fabrice yana shafa man shanu a burodi, ya ajiye wuƙar.

"Baba, wani abu ne ya mutu a ƙarƙashin gadon nan?"

"Dubbai. Ka yi musu addu'a."

Ya leƙo ya ga abin da ke hannuna, ya ja baya har ƙeyarsa ta bugi kabad. "Wannan dai zubarwa za ka yi, ko?"

"Wannan jibi ta cikinta za ka sha shayi."

"Aziliz, kina jin babanki? Baba, ana fa sayar da sababbi. Fari tas, a cikin leda. Da ka faɗa da na taho da kwali."

"Na sani. Kai ma a leda ka zo."

"Baba, don Allah, da sassafe," Aziliz ta ce. Ta miƙo hannu. "Kawo in wanke. Ka je ka riƙe sitiyari, gwiwarka ba ta shiga ƙarƙashin gado ba ce. Zan saka busasshiyar in ɗaure murfin."

"Kin san yadda ake yi?"

"Na yi yarintata ina kallon Mama, hannuna a kan hanci. Ko makaho ne ya koya."

Na ba ta. Ya kamata mai neman nuna ya iya da jirginsa ya ƙi, amma tun rasuwar Rozenn ba wanda ya taɓa neman karɓar wannan aba daga hannuna.

Muka fita. Iska tana zuwa daga gaba, jirgi yana sara igiyar ruwa. Aziliz ta zauna can baya da bokiti, iska tana kwashe warin ta yi bayanmu da shi, na gode wa iskar a raina. Can na waiwaya don in duba igiyar raga, sai na tsaya da kallo. Ta sunkuya, gashi ya rufe mata rabin fuska, ta cije leɓen ƙasa. Babban yatsanta yana bin ninkin daga sama zuwa ƙasa, a hankali, ƙaramin yatsa a karkace yana kallon waje. Ta ɗaga filtar wajen haske, ta juya ta, ta mayar cikin bokiti. Wata magana ta taso mini har maƙogwaro. Na buɗe baki ke nan sai ga Fabrice ya fito daga ɗaki, fuskarsa launin ɗanyen kabeji.

"Baba, ta wane gefe ake yi?"

"Gefen da iska ba za ta dawo maka da shi ba."

Ya zaɓi ɗaya gefen. Rabin aman ya tafi teku, rabi ya dawo kan fararen takalma da kujerar da Rozenn ta ɗinke da hannunta. Kafin in gama ɗauraye wurin, Aziliz ta sauka ɗaki, ta saka filta, ta jefa ɗayar a raga. Maganar ta koma inda ta fito. Na ce ai da sauran rana.

Da muka yi nisa da tsibiri, inda ruwa yake da tsabta, na kunna injin. Tankinmu saura kaɗan, da gangan, domin ba na cika shi da ruwan famfon tasha. Na bar ruwan farko ya zube waje kamar yadda ake yi, sannan na tara kofi. Rozenn takan ba baƙo kofin farko. Na miƙa wa Fabrice, da ɗan alfahari, ba zan ɓoye ba.

Ya kurɓa, ya riƙe a baki yana kallon matarsa, sannan ya tofar cikin ladabi.

"Baba, da gishirin ake sha?"

"Cikinka ne ya juya, ba ruwan ba."

Na karɓa na ɗanɗana. Gishiri ne. Ba kamar na teku ba, amma kamar miyar da mai girki ta manta ta riga ta zuba. Na bar injin ya ƙara gudu, na sake tarawa. Ya fi na farko. Mutum uku ba sa tsallaka wannan ruwa da ɗan abin da ya rage a tanki, ko ɗan koyo ya sani. Na juya jirgi muka nufi Ouessant.

Aziliz ta dafa kafaɗata. "Ba komai, Baba. Kaya tsufa suke yi."

Na sha warin filta, na goge aman suruki, amma ba abin da ya tayar mini da zuciya a ranar kamar wannan muryar. Murya ce ta masu jinya, wadda suke yi wa tsoho idan ya jiƙa shimfiɗa. Fabrice kuma, da ya ji ƙasa ta kusa, sai rai ya dawo masa.

"Ɗakin nan na Brest fa, Baba, murɗa famfo kawai za ka yi. Zafi a hagu, sanyi a dama."

"A tsakiya kuma mutuwa."

Ba wanda ya yi dariya. Na ga Aziliz tana kallon igiyoyi, tana kallon fentin da ya ɓare, irin kallon da ake yi wa kayan da za a saka a kasuwa.

Muna sauke anka na rarrafa ƙarƙashin gado, gwiwa tana zagina. Tantanin nan bai kai shekarun mutuwa ba, na san haka. Na kwance murfin ina jiran warin da na saba. Abin da ya fito wari ne na dogon barandar asibiti, inda na zauna kwanakin ƙarshe na Rozenn. Na zaro filtar. Fara fat, kamar haƙoran ɗan talla.

Na fito da ita a hannu, na nufi Fabrice.

"Kai, mai kwanuka. Ka ɗauka jirgina kicin ɗin otal ne? Ban hana ka goge banɗaki ba, ka goge har ka ga fuskarka a ciki, in kana son ganinta. Wa ya aike ka injin ruwa da kwalbar bilic ɗinka?"

"Baba, ni ko gadon ban..."

"Ka kashe tantanin da ya girmi aurenka, kuma ya fi shi amfani."

"Ni ce," Aziliz ta ce.

Tana tsaye a bakin matakala, tsumma a hannunta.

"Ni na zuba. A bokiti, na tsoma su duka biyun, har busasshiyar. Sannan na ɗan ɗiga a inda ake sakawa. Wari suke yi, Baba. Ko wadda kake cewa ta bushe wari take yi. Ka san abin da ake kirana a makaranta in mun dawo daga hutu? 'Yar kwata. Rigunana, gashina, littattafaina. Na so in ga abu ɗaya a jirgin nan ya fita fes, sau ɗaya. Ban san yana ɓata wani abu ba. Mama ba ta taɓa faɗa mini dalili ba, kai ma haka."

A nan na ci shari'ata. Injin bai tsufa ba, ni ma ban kasa ba, kuma ta san haka. Abin da ya rage kawai in yi shiru. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana goge jimlolin wasu ba ya iya barin tasa idan ta zo masa a shirye.

"Shekara talatin uwarki tana tsoma hannunta cikin wannan ƙazanta don ki sha ruwa," na ce. "Ke safiya ɗaya kika taɓa, kin kashe shi. Ashe ba abin da kika ɗauko nata sai rabin jirgi."

Da a maɗaba'a ne, da na wuce jimlar ba gyara.

Aziliz ta ninke tsumman, ta ajiye shi a kan tebur, ta gyara masa zama.

"To," ta ce. "Rabin ma na bar maka."

Ta shiga haɗa kaya. Fabrice ya tsaya gabana da takalmansa masu tabo, ya ce a hankali, "Baba, wannan ba ta yi ba." Ita ce magana ɗaya mai nauyi da na taɓa ji daga bakinsa, kuma ban yafe masa ba.

Na tuƙa su a ƙaramin kwalekwale zuwa gaɓa. Jirgin fasinja na yamma yana lodi, masu yawon buɗe ido suna turereniya da kekuna da karnuka, wani yaro yana kuka a kan alewarsa da ta faɗi. Na kira sunan Aziliz. Ta juyo, ta ce, "Ka kula da gwiwar," taron ya tura ta ciki.

Ta cika alkawari. Jirgin nawa ne duka yanzu. Na saka sabon tantani, ina nan da filtoci uku, ɗaya a inji, ɗaya a raga, ɗaya tana jiran rana. Har yau in na kwance murfin sai na kau da kai. Aziliz tana kira ranar sabuwar shekara, mu yi maganar ruwan sama da gwiwa, Fabrice ya gaishe ni daga nesa. Na sha gwada kawo maganar, amma ba irin wadda ake faɗa a waya ba ce, kuma wurinta ya wuce tun safiyar nan, lokacin da tana zaune a baya da bokiti ban san abin da ke cikinsa ba.

Abin da na buɗe baki zan ce mata shi ne: Aziliz, dubi hannunki. Hannun uwarki ne, har karkacewar ƙaramin yatsan.