Sakatare a Gaban Kwamitin Majalisa

Sakataren ƙungiyar malaman kwalejin horar da malamai mutum ne mai baki. Shi ya sa da majalisa ta kira taron jin ra'ayin jama'a kan ƙudurin da zai bai wa jami'o'i masu zaman kansu damar horar da malamai har su ba su takardar shaida, abokan aikinsa suka ce shi zai yi magana da yawunsu.

Ya kuwa yi. Ya tsaya yana buga teburi, ya ce malanta ba burodi ba ce da za a riƙa gasawa a kowane lungu. "Me suka sani a harkar nan? Wa ma zai tsara musu abin da za su koyar?" Zauren ya ɗauki tafi.

Sai wata mata ta miƙe daga layin wakilan jami'o'in. Yana ganinta ya gane ta. Tsohuwar ɗalibarsa ce. Bara ta zo har gida ta roƙe shi taimako, ya kwashe dogon hutu yana yi mata aiki, bai gaya wa kowa a kwaleji ba.

Ta rusuna ta gaishe shi tukuna. "Ranka ya daɗe shugaban kwamiti, tambayar Malam tana da amsa. Manhajarmu shi ya tsara mana ita, tun daga darasin farko har gwajin koyarwa a aji. Ni kam ban taɓa ganin irinta ba."

Ba gatse take yi ba, alfahari take da shi, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Wani ɗan majalisa ya ƙyalƙyale da dariya. Sakatare ya zauna, ya rasa inda zai sa idonsa.

Suka kama hanyar komawa a motar ƙungiya. Sai da suka kusa kwaleji wani dattijon malamin lissafi ya yi gyaran murya. "Sakatare, da ka faɗa mana ai da mun sa maka kujera a tsakiyar zaure, ka yi wa kowane ɓangare magana."

Matarsa ta riga ta gani a talabijin. Ta ajiye masa abinci ta ce, "Baban yara, taimakon yarinyar nan ba laifi ba ne. Ihun ne ya yi yawa."

Ko loma bai iya kaiwa baki ba.

Washegari ya sauka daga muƙaminsa na sakatare. Ya zagaya ta bayan ɗakin karatu don kada ya bi ta ofishin malamai. Da ya shiga aji ɗalibai suka gaishe shi, ya amsa ciki-ciki, ya juya ga allo ya yi ta rubutu har aka kaɗa ƙararrawa.