Rogon Tasalla da Surukina

Ranar kasuwar Batsari, Malam Hamidu na Zakka, mahaifin Bara'atu da nake nema, ya aiko in zagaya da shi Lungun 'Yan Rogo. Ya daɗe yana jan ƙafa kan ba ni izinin turo manya, wai sai ya ga natsuwata. Ni kuwa a lungun nan an san ni da komai ban da natsuwa.

Na zuba babbar riga, na wuce gaba ina ɓarin tarihi. Da can turken jakunan fatake ne, sai kakar Tasalla ta ɗora tukunyar rogo, masu tsire suka biyo jama'a, matan Fulani suka biyo da nono. Yau mutum biyu ba sa giftawa sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Tsohon yana ta gyaɗa kai, ni ina ta hura hanci.

Abin da ban lissafa ba, namiji ba ya tauna gaban surukinsa, ni kuma ko kumallo ban karya ba.

Tasalla mai rogo ta hango ni, ta miƙo rogo da garin ƙuli. "Ci-da-tsaye, ga naka."

"Na ƙoshi, Inna."

"Kai ɗin? To Allah ya sawwaƙe, ciwon ya yi tsanani."

Mai tsire ya yanko ɗanɗano, na kau da kai. Mai fura ta tambaya ko azumi nake. Kunya ta kama ni, yunwa ta fi ta riƙo, cikina yana ƙugi ina rufe shi da tari.

A ƙarshen lungu Malam Hamidu ya ce, "Yaro, je ka tasha ka gano mini ko motar Safana ta cika."

Tasha ina? Na zagaya ta baya, na karɓi rogona a takarda, na faɗa bayan rumfar masu buhu na cika baki. Ina ɗagowa sai ga tsohon a tsugune, kumatu tim, garin ƙuli har a gemu. Na so ƙasa ta tsage.

Ya juya ya fuskanci bango. Ni ma na juya. Muka ci baya da baya har takarda ta koma fayau.

Ya yi gyaran murya, ya ce wa bangon, "In akwai mai jina a nan, ya turo manyansa ran Juma'a."